An kira ni aikin kanikanci a garejin hukumar birni, amma giris da juye ne: in karɓa?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekara uku ke nan ina koyon kanikanci a hannun ogana. Ƙananan motoci muke yi, kuma alhamdu lillahi har na kai ina sauke inji in haɗa shi da ɗan taimako. To yanzu an kira ni aiki a garejin hukumar birni, inda ake kula da motocin kwashe shara, tankokin ruwa, motocin asibiti, bas-bas da ƙananan motocin ma'aikata. Matakin farko ne. Wanda ya yi min tambayoyi bai ɓoye min komai ba: juyen baƙin mai, canjin filta, giris, duba taya da fitilu da batir, share wuri, miƙa wa manya kayan aiki. Albashi duk wata, lokacin tashi sananne. Abin da ke damuna shi ne kada in je hannuna ya mutu. Ni da nake buɗe inji, in koma ɗan giris? Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya faɗa min gaskiya don Allah.

Dogo_Birki:
Wa alaikumus salam. Karɓi abinka. Albashi mai zuwa ko an samu kwastoma ko ba a samu ba, me kake jira?

Kwance_Inji:
Dogo, ka yi saurin yanke hukunci. Ni na yi shekara huɗu a irin wannan gareji kafin in gudu, kuma abin da yaron nan yake tsoro shi ya same ni. Duk babban aiki waje ake kai shi. Inji ya buga, a ba ɗan kwangila. Giyabos ya yi kuka, a ba ɗan kwangila. Mu namu juye da faci da canjin kwan fitila. Ƙarin girma kuma da shekaru ake yi, ko ka iya ko ba ka iya ba. Ranar da na koma garejin waje aka ba ni taimin in saita, sai da na tsaya ina tunani kamar sabon shiga. Kunya ta kama ni.

BabaMaiSpana:
Ɗana Sabon_Hannu, shekara ashirin da 'yan kai na yi a garejin motocin hukuma kafin in ajiye aiki, bari in faɗa maka abin da na gani.

A garejin ogan naka, mota takan zo ne bayan ta lalace. Ka gyara, mai ita ya biya, ya tafi, wataƙila ba za ka sake ganinta ba. A garejin hukuma motocin nan su ne dai kullum. Mota mai lamba 14 da ka shiga ƙarƙashinta wannan watan, ita za ka sake shiga nan da 'yan makonni, haka har shekara goma. Aikinka kada ta tsaya a hanya, kuma wanda ya fi kowa damar hana ta tsayawa shi ne ɗan giris ɗin da kake rainawa, don shi kaɗai ke bin ƙarƙashinta daga gaba har baya da tocila a hannu.

Kana matsa giris a kuros ɗin furofela, sai ka riƙe ta ka jijjiga. In ta yi wasa, ka rubuta. Ka ga jan ƙura kamar garin tsatsa a gefen noti, to notin nan ya saki, yana motsi. Ka ga taya ta cinye ta gefe ɗaya, akwai magana a kimfin ko tairod ko saitin ƙafa. Ka ga tiyon iska yana gogar ƙarfe har ya yi sheƙi, saura kaɗan ya huje. Baƙin man da ka juye ma kada ka zubar ba ka duba ba: in ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga; in yana warin dizal kuma ya tsinke, mai na zuba cikinsa. Duk wannan ba a koyonsa da sauke inji. Na ga masu haɗa inji da ido rufe waɗanda za su kwana ƙarƙashin mota ba su ga ɓaraka ko ɗaya ba.

Kwance_Inji:
Baba, ban ƙi maganarka ba, Allah ya ƙara girma. Amma ido daban, hannu daban. Idon zai buɗe, hannun fa?

BabaMaiSpana:
Wannan kuma ya danganta da garejin. Namu muna da ɗakin inji, muna haɗa namu da kanmu. Naku ba ku da shi. Shi ya sa ya kamata ya koma ya tambaya kafin ya sa hannu a takarda.

Ɗan_Rami:
Duk kun bar babbar magana. Wari! Sabon_Hannu, ka taɓa tsayawa cikin rami motar shara na samanka da rana tsaka? Akwai wani ruwa da ke tsiyayowa daga bodinta, baƙi-baƙi, ba mai ba ne, ba ruwan lagireto ba ne. Ranar farko ya ɗigo min a bayan wuya ya gangara cikin riga. Kwana uku ina jin warin a hancina ko na yi wanka. Sannan bayan farantin da ke matse shara akwai inda datti ke taruwa, tsutsa har tana tafasa. Wa za a tura ya kwashe? Sabon yaro mana.

Dogo_Birki:
Ɗan_Rami kada ka kori yaron mutane, hahaha.

UmmaInjin:
Dariya kuke yi amma maganarsa akwai abin dubawa. Cikin sharar nan akwai fasassun kwalabe, gwangwani mai tsatsa, har allurai. Ƙanena, kafin ka fara ka je a yi maka rigakafin tetanus, ka kuma tambaya game da na ciwon hanta nau'in B. Safar hannu mai kauri da tabarau kada su bar jikinka. A wanke motar kafin a hau da ita kan rami, wannan haƙƙinka ne, ka nema ba tare da jin kunya ba.

Ni shekarata ta shida ke nan a garejin bas-bas, kuma da juye na fara. Kuskurena na farko har yau ina tuna shi. Na kwance tsohuwar filtar mai, ashe robar bakinta ta manne a jikin inji ban lura ba. Na ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu ke nan. Ogana yana da doka: ba a sakin mota bayan juye sai an tayar da ita an leƙa ƙasa. Ana tayarwa mai ya yi feshi, ya wanke ƙasan ramin da takalmana. Da an sake ta haka ta fita da fasinja, da injin ya tafi. Bai yi min faɗa ba, tsohuwar filtar kawai ya ɗauko ya nuna min bakinta babu roba. Tun daga ranar duk filtar da na cire sai na juya ta na duba.

Sabon_Hannu:
Na gode Baba, na gode Anti Umma. Wani abu ya ɗaure min kai. Da na je sai na ga allo a bango, an rubuta sabis ɗin wasu motoci da awa, ba da kilomita ba. Me ya sa?

MaiWaya24:
Saboda kilomita tana ƙarya a irin waɗannan motoci. Ɗauki motar shara: ta matsa taku kaɗan ta tsaya, inji na ruri yana juya famfon haidirolik don a matse shara, ta sake matsawa ta tsaya. Ta wuni tana aiki amma mitar tafiya ba ta nuna komai ba. Motar asibiti ma takan daɗe a tsaye inji na aiki saboda na'urar sanyi da kayan ciki. Shi ya sa ake ƙirga awannin da inji ya yi a kunne. Akwai kuma na uku, wato kwanan wata. Motar kashe gobara tana iya shekara ba ta yi wata tafiyar kirki ba, amma mai yana tsufa, batir yana sauka, taya tana bushewa. Duk wanda ya riga cika cikin ukun, shi ake bi.

Tunda na ambaci taya: a gefenta bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Za ka ga taya zanenta cike kamar sabuwa, alhali ta tsufa har gefenta ya fara tsagewa.

DirebanShara:
Ku ba ni dama in sa baki ko da yake ni ba bakanike ba ne. Sabon_Hannu, in ka shiga, don Allah ka riƙa sauraron direba. Na yi wata guda ina cewa motata tana wata ƙara a ƙafar baya in ta ɗau kaya. Kullum a tayar da ita a gareji babu kaya, a zaga da ita, a rubuta ba a ga matsala ba. Ranar da boris ya ƙone muna tsakiyar unguwa da shara cike, ni aka tara wa jama'a, ni aka kira ofis.

Dogo_Birki:
Malam direba, ku ma fa da naku. Nawa ne cikinku ke zare ma'aunin mai da safe? Nawa ne ke zubar da ruwan tankin iska? Sai mota ta tafasa ku kawo ta kuna cewa yanzun nan ta fara.

DirebanShara:
Ni ina yi. Ba zan rantse wa sauran ba.

UmmaInjin:
Ku duka kuna da gaskiya, shi ya sa takarda take da amfani. Direba ya rubuta abin da ya ji, da lokacin da yake jinsa: da kaya ko babu, a kwana ko a miƙe, da sanyin safiya ko bayan ta yi zafi. Bakanike ya rubuta abin da ya duba. Sabon_Hannu, wannan ma wani abu ne da zai ba ka mamaki, rubutu ya yi yawa a aikin nan. Kowane aiki da katinsa: lambar mota, awa, kilomita, abin da aka canza, sa hannunka. Kuma kada ka taɓa sa alamar ka duba abin da ba ka duba ba, ko da ana ta ihu a fito da mota. Ranar da wani abu ya faru katin za a ɗauko, sunanka ne a ƙasa.

BabaMaiSpana:
Bari in dawo, don akwai abin da ba zan yi shiru a kansa ba. Ɗana, ka saba da ƙananan motoci, babbar mota ba ta yafiya.

Kada ka taɓa sa kanka ƙarƙashin bodin tifa ko ƙofar bayan motar shara da aka ɗaga sai an kafa sandar tokare. Man haidirolik ne kawai ke riƙe da nauyin nan. Wata rana a garejinmu wani yaro ya ɗaga bodi ya ajiye akwatin kayansa a kan shasi, ya juya ɗauko tsumma. Wani ya shiga gaba neman takarda, gwiwarsa ta taɓa liba. Bodin ya sauko a hankali, ko ƙara bai yi ba. Akwatin ƙarfen nan ya koma kamar faranti. Mun rataye shi a bango shekara da shekaru, duk sabon yaro sai an nuna masa. Mabuɗi ya zauna a aljihunka, ka rataya alama a sitiyari, ka sa wa tayoyi waigi. Jak kuma na ɗagawa ne kawai, sai ka kafa ƙafafun tokare kafin ka shiga.

Na biyu, in haidirolik na yoyo kada ka bi tiyo da hannu kana neman ramin. Man da ke fita ta ƙaramin rami da wannan ƙarfi yana huda fata ya shige cikin nama. Za ka ga ɗan tabo kamar cizon sauro, amma aikin tiyata ne na gaggawa, mutane sun rasa yatsu a haka. Kwali ake karawa. Haka bututun injekta na injinan dizal na zamani, ƙarfin man ciki yana kaiwa bar 2000, ba a sassauta su inji na aiki kamar yadda muke yi wa tsofaffi.

Dogo_Birki:
Baba ya taɓo fagena, bari in ƙara na birki. Manyan motoci da iska suke tsayawa, ba da man birki irin wanda ka sani ba. A motocin da na yi aiki a kansu iskar tanki tana wasa tsakanin psi 100 zuwa 125. In ta sauka wajen 60 ƙararrawa za ta yi kuka, in ta ci gaba da sauka birkin sifirin ya kama da kansa, motar ta kafe. Wannan sifirin yana cikin tukunyar birki ta baya, a matse, kuma ƙarfinsa ya isa ya kashe mutum. Ba a buɗe wannan tukunya. Akwai kusar da ake ɗaure sifirin da ita kafin a cire, sai a canza gaba ɗaya. In wani ya ce maka kawo guduma mu buɗe mu gani, ka bar wurin.

Sai notin taya. Ƙarfin ɗaurin na ƙaramar mota wajen Nm 100 zuwa 140 ne. Na babbar mota mai noti goma ya kai 600 ko fiye. Bindigar iska ba ta san awo ba, da spana mai awo ake ƙarasawa, kuma bayan ta ɗan yi tafiya a sake bi.

Kwance_Inji:
Spana mai awo? Dogo, a garejin da na yi guda ɗaya ce, tana kulle a ofis, mai mabuɗin kuma ya tafi taro. Dogon bututu muke zurawa a spana mutum biyu su hau.

Sitokifa:
To ga ni, na san za a zo kaina. Ni ne mai mabuɗin a namu garejin. Ku makanikai kuna ganin mugunta ce, ba ku san abin da ke bayan kanta ba. Ka rubuta kana son famfon ruwa. Ni in rubuta wa na sama, shi ya nemi farashi daga 'yan kasuwa, a kai wa mai sa hannu, a jira a saki kuɗi. Kafin famfon ya iso mota ta yi wata biyu a tsaye. Cikin wata biyun nan an cire mata batir an sa wa wata, an ɗauke madubi, an kwance sitata. Famfo ya zo, babu motar da za a sa wa. Je ka bayan kowane babban gareji za ka ga layinsu a kan duwatsu, yawancinsu ƙaramin abu ne ya fara kwantar da su.

Shawarata ga sabon yaro: in an sa ka ciro kaya daga wata mota, ka rubuta a katinta abin da aka cire da wanda ya ba da umarni. Kuma kada ko tsohuwar filta ta bi ka gida. Kayan hukuma ne, ranar bincike ƙaramin ma'aikaci ake fara kamawa.

Ɗan_Rami:
Sitokifa ya yi magana kamar mutumin kirki. Gobe in na zo neman tsumma kada ka ce in kawo tsohon.

Sitokifa:
Sai ka kawo tsohon.

MaiWaya24:
Mu koma kan tambayarsa ta hannu zai mutu ko ba zai mutu ba. Ni a ganina sauke inji ba shi ne gaban sana'ar nan ba yanzu. Injin dizal in ana masa sabis yana daɗewa ƙwarai ba a buɗe shi ba. Abin da ke tsayar da motocin yau waya ce da sensa da kayan tace hayaƙi. Kai ka san soket mai ƙafa 16 na ƙananan motoci, inda ake jona kwamfutar gano matsala. Manyan da yawa nasu zagayayye ne mai ƙafa 9, harshensu J1939, kwamfutarsu daban. A garejin waje da wuya ka taɓa irin wannan na'ura, a na hukuma in suna da ita kyauta za ka koya.

Misali, matatar hayaƙi da ake kira DPF tana buƙatar zafi sosai, wajen digiri 600, kafin ta ƙone baƙin da ta tara. Motar da ke tafiya tana tsayawa ba ta cika samun wannan zafin ba, sai ta toshe, inji ya rage ƙarfi, direba ya zo yana cewa mota ba ta ja. Wanda bai sani ba sai ya hau kwance injekta. Ga kuma AdBlue na tsabtace hayaƙi, ruwa ne da sinadarin yuriya kashi 32.5 cikin ɗari, tankinsa daban mai shuɗin murfi. In aka zuba shi cikin tankin dizal kada a ko murɗa mabuɗi.

Wuta ma ka kula. Manyan motoci da yawa, musamman ƙirar Turai, volt 24 ne, batir biyu masu 12 a jere. Ka tabbatar kafin ka haɗa wayar tayarwa. In kuma garejin na da motoci masu lantarki, duk wayar da ka ga mai launin ruwan lemo ce, ba taka ba ce sai an horar da kai.

Kwance_Inji:
"In suna da ita." Nan gizo ke saƙar. Namu kwamfutar tana nan, amma lasisinta ya ƙare ba a sabunta ba har na bar wurin.

UmmaInjin:
Yaya Kwance_Inji, ka sha wuya a garejin nan, Allah ya mayar da alheri. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni cikin shekara biyu aka ɗauke ni daga juye aka haɗa ni da mai birki, don duk sanda na gama nawa wajensa nake zuwa in riƙe masa fitila. Ba wanda zai zo ya ce zo in koya maka. In ka gama giris ka zauna kan benci kana latsa waya, a nan za ka tsufa.

Sabon_Hannu:
Wallahi na ƙaru. Ga abin da na rubuta zan tambaye su: shin suna haɗa inji da giyabos a ciki ko waje suke kaiwa, suna da kwamfutar manyan motoci mai aiki, ana tura ƙananan ma'aikata horo, kuma kayan aiki nasu ne ko ni zan zo da nawa. Na kuma yi wa ogana maganar jiya. Ya yi shiru, can ya ce in na tafi ranar hutu in riƙa zuwa muna sauke inji tare. Ban san ko fushi ya yi ko izini ya ba ni ba.

BabaMaiSpana:
Izini ne, ɗana. Ka je ka yi masa godiya yadda ya kamata. Ka ƙara tambaya ɗaya a takardarka: ana kiran dare? Motar asibiti ba ta san lokacin tashi ba, kuma sabon yaro ake fara bugawa waya.

Kwance_Inji:
Ni dai har yanzu da ni ne da na ƙara shekara ɗaya wajen oga in ƙware tukuna. Amma in za ka je, kada ka tsaya a ofis kawai. Ka ce a zaga da kai bayan garejin, ka ƙirga motocin da ke kan duwatsu, ka dawo ka faɗa mana nawa ne.

DirebanShara:
Kuma ka tambayi lasisin tuƙin babbar mota. Ta yaya za ka ji ƙarar da nake faɗa in ba za ka iya fita da ita da kaya ba?

Sabon_Hannu:
Wannan ban yi tunaninsa ba sam, na ƙaramar mota kawai gare ni. Dogo_Birki, kai da kanka ka yi naka ko wurin aiki ne suka yi maka?

Dogo_Birki:
Da kaina, bayan na gaji da roƙon direbobi su matsar min da mota daga kan rami.